Maganin mura da allurar barci: amsa ga Hajiyar da za a yi wa aikin maƙoƙo

Tambayar da aka turo:

Salam likita. Ina zaune a Tumfure nan Gombe, shekarata 46, an sa min ranar aikin maƙoƙo Talata ta sama kuma sunce barci za a sa ni gaba ɗaya. Matsalata duk sanda hunturu ya shigo hancina toshewa yake, ga atishawa ga ƙaiƙayin ido, kullum da dare sai na sha Actifed na ɗiga Otrivin kafin in samu barci, wani lokaci in ƙara da Piriton. Ina da hawan jini ina shan amlodipine. Maƙwabciyata tace kar in kuskura in gaya musu ina mura, ɗaga aikin zasu yi, ni kuma na gama haɗa kuɗi har jini an ajiye. In ci gaba da sha ko in daina?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi yasa ayi aiki a sa'a. Ni aikina kenan sa mutane barci a ɗakin tiyata, kuma wannan tambayar taki da kowa zai riƙa yinta kafin ranar aiki da rabin ciwon kanmu ya ragu wallahi.

Bari in fara da maganar maƙwabciyarki tunda ita tafi tsaya min a rai. Na san da zuciya ɗaya ta faɗa, duk wanda ya taɓa zirga-zirgar asibiti ya san zafin ace maka jeka ka dawo bayan ka sayi kayan aiki, 'yan uwa sun taso daga Kumo ko Dukku sunzo jinya, an nemi masu bada jini an samu da ƙyar. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daga lokacin da kika rufe ido har ki farka mu ne a tsaye saitin kanki, numfashinki da bugun zuciyarki da jininki duk amanarsu tana wuyanmu na wannan awa biyu ko uku, kuma duk allurar da zan zuƙa a sirinji ina auna ta ne da abin da na san yana jikinki. Abin da kika ɓoye min yana nan a cikin jinin, can zamu haɗu dashi, sai dai a lokacin ke ba bakin magana ni kuma ina ta canki-canka.

To ga abin da zan ce miki kai tsaye kafin dogon bayani. Actifed ki ajiye shi. Ƙa'idar da muke ba kowa ita ce a daina irinsa aƙalla awa 24 kafin aiki, amma ke da kike da hawan jini ga kuma maƙoƙo, tun yau ya kamata ki rabu dashi, dama can bai dace dake ba ko babu maganar tiyata. Piriton bashi da wannan haɗarin amma sai kin faɗa. Otrivin maganarsa daban ce zanzo kanta. Sannan kar ki jira sai Talata, ki koma asibiti a cikin satin nan ki nemi ganin likitan barci da ledar magungunanki gaba ɗaya a hannu.

Abin da mutane basu lura dashi ba shine maganin mura da ake saya a kemis yawanci ba magani ɗaya bane, haɗi ne. Ki ɗauki kwalin ki juya bayansa ki karanta ƙananan rubutun nan. Actifed abu biyu ne a ciki, triprolidine mai tsayar da atishawa da yoyon hanci kuma shine yake kawo miki barcin, da pseudoephedrine mai buɗe hanci. Su Procold da Mixagrip da sauran 'yan uwansu da ake yanka miki biyu ko huɗu a sachet suma tsarin kenan, paracetamol, da wani ɗan gidan su Piriton, da mai buɗe hanci. Sunayen da nake so ki riƙe sune pseudoephedrine, phenylephrine, ephedrine, da phenylpropanolamine. Na ƙarshen nan tun shekarar 2000 hukumar magunguna ta Amurka ta nemi a cire shi daga maganin mura saboda an alaƙanta shi da fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, in kin ganshi a wani tsohon kwali ki yar kawai.

Yadda pseudoephedrine ke buɗe hanci kuwa ba wani sihiri bane. Naman cikin hanci cike yake da ƙananan jijiyoyin jini, in ƙura ko mura ta taɓa shi sai su kumbura su cika da jini hanya ta toshe. Shi maganin sai yasa jijiyoyin su tsuke, kumburin ya saɓe, iska ta wuce. Matsalar ita ce ƙwayar da kika haɗiya bata san hanyar hanci ita kaɗai ba, ko'ina take zuwa. Tana sa jiki ya saki wani sinadari da ake kira noradrenaline, ɗan uwan adrenaline ne, irin wanda yake zubowa in mutum ya firgita, kamar a ce kina tafiya a Keke Napep sai tirela ta taso muku. Jijiyoyin jiki duka su tsuke, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau. Shi yasa wasu in sun sha suke cewa gabansu na faɗuwa ko barci ya ƙaurace musu. Kinga kenan da safe amlodipine na ƙoƙarin sassauta jijiyoyin, da dare Actifed na ɗaure su, kin haɗa su dambe a jikinki.

To ɗauki wannan jikin ki kawo shi ɗakin tiyata. Da ma mutum yana shigowa ne a tsorace, jininsa ya riga ya ɗan hau tun a kan gadon da ake turo shi. Bayan kinyi barci zamu zura miki robar numfashi ta baki zuwa maƙogwaro, kuma wannan 'yan daƙiƙun su ne lokacin da jini da bugun zuciya suka fi yin tsalle a duk aikin ko ga mai cikakkiyar lafiya. Likitan fiɗa kuma sau da yawa kafin ya tsaga wuya yana yin allurar ruwa mai ɗauke da adrenaline a wurin don jini kar ya dame shi. Duk waɗannan mun san dasu mun yi musu tanadi. Wanda ba mu yi wa tanadi ba shine pseudoephedrine da aka sha jiya da dare ko ma yau da asuba, shi sai ya hau kansu. Jini zai iya hawa inda ba a so, zuciya ta riƙa tsallake bugu, wurin aiki ya riƙa tsatsar jini, kuma a wuya ba a wasa da taruwar jini don a kan hanyar iska yake.

Akwai kuma abin da ya shafe mu nan musamman wanda in kin karanta shawarwarin Turai ba lallai ki gani ba. Akwai iskar barci da ake kira halothane, tsohuwa ce tun 1956 ake aiki da ita, ƙasashen da suka ci gaba sun daɗe da barinta sun koma isoflurane da sevoflurane, manyan asibitocinmu ma sun koma, amma har yanzu za ki same ta a ƙananan asibitoci don ta fi arha. Halin halothane shine tana sa zuciya ta zama mai saurin harzuƙa da adrenaline da duk danginsa, abin da zuciya zata shanye lafiya lau in babu ita, in tana nan sai bugun ya rikice. Na biyu ketamine, wadda ita ce dokin aikin asibitocin karkara saboda bata cika danne numfashi ba kuma bata buƙatar manyan na'urori. Ita kanta ketamine ɗaga jini take da bugun zuciya. Ki haɗa ta da maganin buɗe hanci, an ƙara wa Barno dawaki kenan.

Na taɓa gani da idona. Wani saurayi ne ƙaƙƙarfa manomi, aikin gwaiwa ne ma ba wani babban abu ba, na tambaye shi kana shan wani magani yace a'a ko ɗaya. Muna fara aiki na'ura ta fara kuka, jinin da na auna 130 a ɗakin jinya sai gashi ya haura 200, layin bugun zuciya a allo yana ta fitar da wasu ƙahonni da bai kamata ba. Na ce wa mai fiɗa ya dakata ya ɗaga hannu, na rufe iskar na canja, muka tsaya cirko-cirko kusan minti goma kowa ido a kan allo har abin ya lafa. Allah ya tsare aka gama lafiya. Da yamma na zagaya wurinsa sai yayansa ya zaro wata 'yar takarda a nannaɗe daga aljihun rigar, maganin mura ne na kemis, ya sha biyu da dare ya ƙara biyu da asuba da ɗan ruwa don kar a ji muryarsa ta toshe a kore shi. Da na ce ai na tambaye ka, sai yace likita ai wannan ba magani bane na mura ne kawai. Tun daga ranar na daina tambayar "kana shan magani", yanzu cewa nake me da me ka haɗiya a satin nan, har na kemis har na gargajiya har na mai tallan magani a tasha.

Abin yana da wata fuskar ma da ta saɓa da wannan. In jini ya faɗi a tsakiyar aiki, wanda yakan faru, ɗaya daga cikin alluran da muke ɗaga shi da ita ephedrine ce, kuma ita ma ta hanyar sakin noradrenaline ɗin nan take aiki. Wanda ya daɗe yana shan pseudoephedrine kullum kamar ya riga ya yashe rumbun ne, sai ka bada ephedrine ka ga jinin bai motsa yadda ka saba gani ba. Kenan ko sama ko ƙasa lissafin ya ɓaci. Mata masu zuwa haihuwa ta tiyata suma su ji wannan, don allurar ergometrine da ake yi don tsayar da jini bayan haihuwa ita ma tana tsuke jijiyoyi sosai, haɗuwarta da irin waɗannan magunguna kan harba jini sama.

Ke kuma Hajiya akwai tambayar da zan miki da kina gabana: maƙoƙon naki mai zafi ne ko mai sanyi? Ina nufin ko an taɓa ce miki sinadarin da maƙoƙon ke fitarwa ya yi yawa a jini, kina rama, kina gumi, hannu na rawa, gaba na faɗuwa, har aka ɗora ki a kan carbimazole ko propranolol? In haka ne to pseudoephedrine haramiyarki ce ma gaba ɗaya, don zuciyar da maƙoƙo ke kora a guje ba a ƙara mata bulala, kuma shi propranolol in ya haɗu da masu tsuke jijiya jinin kan hau fiye da ƙima. Su waɗannan biyun, carbimazole da propranolol, ba a dainawa, har safiyar aiki ana sha da kurɓin ruwa. Haka amlodipine ɗinki. Masu shan lisinopril ko losartan ne sau da yawa muke cewa su tsallake na ranar, shima sai likitan barci ya faɗa ba mutum ya yanke wa kansa ba.

Dalilin awa 24 ɗin kuwa, pseudoephedrine na raguwa da rabi a jini cikin kamar awa 5 zuwa 8, ta fitsari yake fita, to kwana guda ya isa mafi yawansa ya tafi. Amma akwai waɗanda aka yi su don su riƙa narkewa a hankali na awa 12 ko 24, su sai a ƙara musu lokaci, haka mai ciwon ƙoda. Phenylephrine na haɗiya kuma abin dariya ne ma, a 2023 kwamitin masana na hukumar magungunan Amurka ya ce a adadin da ake sha baya buɗe hanci, hanji da hanta ke cinye yawancinsa kafin ya isa. Duk da haka shima a daina, asarar kuɗi ce dama.

Sai Piriton, sunansa na asali chlorpheniramine. Shi da triprolidine da promethazine wato Phenergan da diphenhydramine da ke cikin wasu sirop na tari duk gida ɗaya ne, tsofaffin magungunan alaji masu shiga ƙwaƙwalwa su kawo barci. Ba zan tsorata ki a banza ba, mu kanmu muna yin allurarsu a tiyata in buƙata ta taso, ƙwaya ɗaya ta 4mg da dare ba zata hana aiki ba. Abin dai shine barcinsu yana haɗuwa da namu. Zamu baki maganin barci, mu baki na kashe zafi masu ƙarfi irin morphine ko pethidine ko pentazocine, wani lokaci da diazepam, kowanne yana danne numfashi kaɗan, to in akwai wani a ƙasa da ban sani ba sai a gama aiki ana ta kiran sunanki kina ta sharar barci, 'yan uwa a waje hankali ya tashi. Kuma chlorpheniramine yana daɗewa a jiki fiye da yadda ake zato, a babban mutum yakan kai kusan kwana guda kafin rabinsa ya fita. In na sani sai in rage nawa, shikenan magana ta ƙare. Suna kuma busar da baki da majina, su ƙara gudun zuciya, su riƙe fitsari, kuma atropine da muke amfani da ita ma haka take yi. Inda abin yafi muni tsofaffi ne. Dattijo mai kumburin prostate, wato tsokar nan da ke ƙasan mafitsarar maza, da ya saba shan Piriton don barci, bayan aiki sai fitsari ya ƙi fita sai an sa roba, ko ya farka a ruɗe yana fizge ƙarin ruwa yana kiran mutanen da suka rasu, iyali su ce iska ce ko an yi masa wani abu, alhali magunguna ne suka taru masa a ka. Yara kuma 'yan ƙasa da shekara 2 ba a basu Phenergan sam, yana iya tsayar musu da numfashi.

Sababbin kuwa, loratadine da cetirizine da fexofenadine, basu cika shiga ƙwaƙwalwa ba, yawanci muna barin mutum ya ci gaba da sha har zuwa aiki. Su nake ganin ya kamata ki koma a wannan satin maimakon Actifed, loratadine 10mg sau ɗaya a rana. Sai dai ki kula wurin saye, akwai waɗanda aka cakuɗa da pseudoephedrine irin Clarinase, ko ki ga an liƙa harafin D a ƙarshen sunan, in mai kemis ya miƙo miki wannan yace ai yafi ƙarfi ki ce masa zallan kike so. Kuma kar wani ya ce miki shan maganin alaji kafin aiki zai kare ki daga mummunan alajin allura, baya karewa, wancan maganinsa adrenaline ne kuma yana nan a kan tebur ɗinmu kullum. Abin da zai kare ki shine ki faɗa mana duk maganin da ya taɓa fito miki da borin jini ko kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, Septrin ne, Fansidar ne, penicillin ne, ko filasta ce take cin fatarki. Ƙaiƙayin chloroquine da yawancinmu muka sani ba wannan bane, amma shima ki faɗa mu tantance.

Otrivin, wato xylometazoline, tsuke jijiya yake shima amma a hancin kai tsaye, abin da ke shiga jini kaɗan ne in an bi ƙa'ida. Mu ma mukan fesa irinsa in za mu bi da roba ta hanci. Damuwata dake ita ce kalmar "kullum" da kika faɗa. Ba a yi shi don a wuce mako guda ana ɗigawa ba. In aka zarce, da ya sake ki hancin sai ya kumbura fiye da da, ki ƙara ɗigawa, ya ƙara toshewa, an gudu daga gara an faɗa gidan zago. Akwai yiwuwar rabin toshewar da kike fama da ita yanzu ba hunturu bane, kwalbar ce. Ki fara janyewa, ki bar hanci ɗaya ya huta kina ɗiga wa ɗayan na 'yan kwanaki sannan ki bari duka, ki riƙa wanke hanci da ruwan gishiri na kemis, ki sa takunkumi in zaki fita cikin ƙurar nan, a yayyafa ruwa kafin shara. In likita ya rubuta miki feshin hanci irin fluticasone ko mometasone ko beclomethasone, su ba a dainawa don tiyata, sai dai suna ɗaukar kwanaki kafin a ji daɗinsu, kar ki fesa sau biyu ki ce baya aiki. Masu asma ma haka, Ventolin da sauran abin shaƙa a zo dasu asibiti har ƙofar tiyata. Amma mai shan Franol ko aminophylline lallai ya faɗa, Franol ephedrine ce da theophylline, dukansu basa shiri da halothane.

Akwai wanda ya saɓa wa duk abin da na faɗa, shi dainawar ce haɗarin. Prednisolone da dexamethasone. Mutane da yawa masu alaji ko asma ko ciwon gaɓoɓi mai kemis ya ɗora su a kai sun shekara suna sha, ga kuma 'yan uwanmu mata masu shan haɗin ƙiba da ake kira sha ka fashe, wanda sau da yawa dexamethasone ne da cyproheptadine, shi cyproheptadine ɗin ma maganin alaji ne mai sa barci da cin abinci. Jiki yana da wasu 'yan halittu a saman ƙoda masu yin nasa sinadarin cortisol, wanda shi ke riƙe jini lokacin wahala irin ta tiyata. In ana kawo masa daga waje kullum sai su kwanta su daina aiki. Wanda ya sha prednisolone 5mg ko fiye kullum na sati 4 ya shiga wannan layin, kuma 5mg ɗin daidai yake da dexamethasone 0.75mg kacal, wato ƙananan ƙwayoyin nan biyu sun wuce shi. In ya daina farat ɗaya ya shiga tiyata jininsa zai iya faɗuwa ƙasa warwas ya ƙi tashi. Maganin abin kuma mai sauƙi ne, allurar hydrocortisone 100mg a farkon aiki a ci gaba da ita bayansa, amma sai mun sani. Ba wanda zai yi miki faɗa ko dariya, ko man shafawa na ƙara haske ne kike amfani dashi shekara da shekaru ki faɗa, da yawansu akwai irin wannan sinadarin mai ƙarfi a ciki.

Maganin tari ma kar a manta dashi. Mai dextromethorphan baya jituwa da tramadol da pethidine, yakan kawo rawar jiki da zazzaɓi da ruɗewa. Mai kodin gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo dashi tun 2018 amma kowa ya san bai ɓace ba, wanda ya saba dashi ko da tramadol alluranmu na kashe zafi basa kama shi yadda ya kamata, gara ya raɗa min a kunne. Sai wani mai suna pholcodine, Tarayyar Turai ta yanke janye shi a ƙarshen 2022 Ingila ta bi a 2023, saboda an gano wanda ya sha shi cikin wata 12 kafin tiyata yafi shiga haɗarin mummunan alaji ga alluran da muke sakin tsoka dasu irin suxamethonium da rocuronium. Wata goma sha biyu fa, maganin tarin da mutum ya manta ma ya sha. Alabukun kuma da wasu ke haɗawa in mura ta zo da ciwon kai aspirin ne da caffeine, aspirin na hana jini daskarewa har kusan mako guda ko fiye, a aikin wuya wannan ba ƙaramin abu bane.

Yanzu murar kanta, wadda ita ce ainihin abin da maƙwabciyarki ke tsoro. Ba duk toshewar hanci ke sa mu ɗaga aiki ba. Abin da kika kwatanta, atishawa a jere, ƙaiƙayin ido, majina fara kamar ruwa, yana zuwa duk shekara da hazo ya sauko, babu zazzaɓi, wannan yafi kama da alaji, kuma mai alaji in ƙirjinsa fes yake muna sa shi barci ba wani abu. In da za mu ɗaga aikin duk mai atishawa a Gombe tsakanin Disamba da Fabrairu ai sai mu kulle tiyata mu tafi gida. Wadda muke ɗagawa ita ce sabuwar mura mai zazzaɓi 38 ko fiye, da tari mai kaki kore ko ruwan ɗorawa, da ciwon jiki, ko in mun sa abin sauraro mun ji ƙirji na shewa. Dalili, ƙwayar cutar mura tana barin hanyar iska a ɗanye kamar fatar da ta ƙone, har zuwa sati 6 bata gama komawa daidai ba, in roba ta taɓa wurin sai maƙogwaro ya shaƙe kansa ko bututun huhu su matse. Yawanci sati 2 zuwa 4 muke cewa a jira in aikin ba na gaggawa bane. Maganin mura baya gyara wannan ko kaɗan, hanci kawai yake busarwa ya rufe mana ido.

Yara sun fi shiga wannan. Wata uwa ta taɓa kawo ɗanta ɗan shekara uku, hanci a bushe tas, na saurari ƙirji ban ji komai ba. Aka gama aiki lafiya, ina cire robar sai maƙogwaron yaron ya rufe ruf, ƙirji na ta ja iska bata shiga, lambar oksijin da take 99 ina kallo tana gangarowa 80, 70, leɓensa ya fara canja launi. Sai da na ƙara masa barci na danna masa iska da jaka kafin ya buɗe. Bai fi minti biyu ba amma ni na san tsawonsu. Daga baya tana kuka take gaya min kwana uku yana tari da zazzaɓi, ta riƙa ɗura masa sirop don sau biyu ana ɗaga musu aiki saboda wasu dalilai, kuɗin mota ya ƙare. Ban iya yi mata faɗa ba gaskiya, don mu ma muna da laifi in muka ɗaga aiki ba mu zaunar da mutum mun yi masa bayani ba.

Don haka Hajiya gobe ko jibi ki zuba komai a leda, Actifed ɗin, kwalbar Otrivin, Piriton, amlodipine, duk wani jiƙo ko garin magani da ake baki na maƙoƙo, da kwalayensu ba ƙwaya tsirara ba don mu iya karanta abin da ke ciki. Ki ce a auna miki hawan jini ranar da kika je da kuma bayan kwana uku da barin Actifed, zan yi mamaki in bai sauko ba. Daren Litinin in hancin ya matsa miki ki yi ruwan gishiri ki ɗaga matashi, kar ki sha komai da ba a rubuta miki ba. Abinci ki tsaya dashi awa 6 kafin lokacin da aka baki, kuma kunu da koko da fura da shayi mai madara duk abinci ne a wurinmu, ruwa zalla ne kawai ake bari har zuwa awa 2 sai in asibitinku sun ce miki wani abu daban. Goro ma a haƙura dashi ranar. In kuma kin tashi Lahadi ko Litinin da zazzaɓi ko tari ya sauka ƙirji, ki kira su ko ki aika tun kafin a kwantar dake, jinin da aka ajiye miki yana kai sati biyar a firij ɗin bankin jini, ki tambaye su ranar da aka ɗiba don ku san inda za a sa sabuwar ranar.